Tambaya: tsohon filin masana'anta a Kano, ta yaya ake mayar da shi unguwar zama?

Ɗan Nasarawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana filaye da gine-gine a kan wani fili da ke gefen Dakata, ta inda ƙananan masana'antu suka haɗe da gidajen jama'a. Girmansa hekta 2 ne a takardar safiyo, wato murabba'in mita 20,000. A da kamfanin roba ne, bokitai da takalma ake yi, ya daɗe da rufewa. Bayan rufewar an ba kanikawan manyan motoci hayar harabar, masu fasa tsofaffin batura kuma sun zauna a kusurwa ɗaya na wasu shekaru. Abin da ke tsaye yanzu shi ne manyan rumfuna biyu masu rufin asbestos, ɗakin janareta, tsohuwar taransifoma da rijiyar burtsatse ɗaya. An ce akwai tankin man dizal binne a ƙasa, amma ba wanda zai iya nuna gurbinsa. Gabas da filin gidajen awon igiya ne, yamma kuma wani kamfani ne da ke aiki har yau.

Magadan mai kamfanin na son sayarwa. Masu son saye nufinsu a rushe komai a yanka fulotai, a gina wasu a sayar da wasu. Dillalai sun ce fuloti 44 mai ƙafa 50 da 100 zai fita.

Tambayoyina uku ne. Ta ina ake farawa, takardu ko rushewa? Ƙasar irin wannan wuri tana da lafiyar da iyali za su zauna a kanta, kuma ta yaya ake tabbatarwa? Sannan lissafin 44 ɗin nan gaskiya ne? Allah Ya saka da alheri.

Lauyan Filaye

Wa alaikumus salam Malam. Kada a taɓa bango ko ɗaya, kada kuma a biya kuɗin fili gaba ɗaya, sai an ga asalin takardar shaidar mallaka da ido, an karanta abu biyu a jikinta: manufar da aka ba da filin dominta, da wa'adin shekarunta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙe da shi izini ne bisa sharuɗɗa. In takarda ta ce masana'anta aka je aka gina gidajen kwana, an saɓa sharaɗi, kuma sashe na 28 ya ba gwamna damar soke izinin saboda haka. Duk wanda ya ga rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya san cewa kyan gini ba ya cetonsa muddin ana jayayya a kan asalin filin.

Binciken farko a KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta Kano, da Ma'aikatar Ƙasa ake yinsa, da lambar fayil. A nan za a ga sunan wa ke kai, shekara nawa suka rage, harajin ƙasa nawa ya taru ba a biya ba, da ko an jinginar da takardar. A duba kuma ko an shigar da ita cikin aikin sabunta takardun filaye da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a ƙarshen 2024. Jingina ita ta fi cin mutane a filayen tsofaffin kamfanoni, domin da yawansu da bashin banki a wuya suka rufe. Sai ka tarar asalin takardar tana ajiye a banki, ko ta koma hannun AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka gagara biya. In magada suka miƙo kwafi suka ce asalin ya ɓata, a tsaya nan har sai an gano inda yake.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. In sunan kamfani ne a jikin takardar ba sunan marigayin ba, to magada ba fili suka gada ba, hannun jari suka gada. Kamfanin ne mai sayarwa. Sai an je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, an ga su wane ne daraktoci a yau, an ga ko akwai bashin da aka yi wa rajista a kan kadarorinsa, sannan a karɓi rubutaccen ƙudurin daraktoci na sayarwa. In kuwa sunan marigayin ne, sai an ga takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, kuma kowane magaji ya sa hannu, har 'yan uwa mata da ke ɗakunan aurensu da waliyyan ƙananan yara. Sa hannun babban wa shi kaɗai shi ke dawo da mutum kotu bayan ya gama gini.

Daga nan sai neman canjin manufa daga masana'anta zuwa zama. KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, za ta duba abin da ke kewaye da filin ta ba da ra'ayinta kafin amincewa ta fito. In ta fito, sai a shigar da zanen unguwar mai sa hannun mai tsara birane mai rajista, sannan a nemi izinin rarraba babbar takarda zuwa ƙanana, kowane fuloti da lambarsa da turakun safiyonsa. Izinin ginin kowane gida shi ne na ƙarshe. Cinikin kansa, sashe na 22 ya ce sai da amincewar gwamna.

Saboda haka a rubuta yarjejeniya mai sharaɗi: a ba da kafin alƙalami kaɗan, a ɗaure sauran kuɗin da samun canjin manufa da kuma sakamakon gwajin ƙasa, a rubuta ƙarara wa zai ɗauki nauyin kwashe gurɓatacciyar ƙasa in an same ta. Kanikawan ma suna da haƙƙin sanarwa bisa ƙa'ida. A sa mai unguwa da shugabanninsu a ciki tun da wuri.

Hajiya Mai Gwajin Ƙasa

Barista ya gama da takardu, ni bari in tsaya a tambaya ta biyu, don ita ce wadda ba a gyarawa bayan an tare. A cikin duk abin da ka lissafa, Malam, kusurwar masu batura ta fi tayar min da hankali. In ka je wurin ka duba da kyau, za ka ga ƙasar ta yi fari-fari ko toka-toka, ciyawa ba ta fita ko da damina, ga gutsattsarin baƙar roba cikin turɓaya. Dalma ce da ruwan batir suka jiƙa wurin. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, shekara hamsin tana nan. Kuma gidanmu na Hausa a tsakar gida ake rayuwa: yaro yana rarrafe a ƙasa, hannu zuwa baki, ana shanya hatsi, ana shara ƙura na tashi. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, daga niƙan duwatsun zinare ya fito, amma hanyar shigarta jikin yaro ita ce dai wannan ƙurar tsakar gida. Inda gubar ba ta kai ga kisa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya komawa.

Kafin a ɗebi ƙasa ko cokali ɗaya, a nemo tsofaffin ma'aikatan kamfanin da mai gadi, a zagaya da su da takarda a hannu. Su za su nuna inda injuna suka zauna, inda ake zubar da baƙin mai, inda ake ƙona tarkace, da inda tankar mai ke tsayawa ta sauke. Inda tanka ke tsayawa, nan kusa bakin tankin da ya ɓata yake. A nemi murfin ƙarfe a daɓe ko siririn bututun iska a jikin bango, in ba a gani ba a bi da na'urar gano ƙarfe.

Sai ɗibar samfur. A raba filin gida-gida kamar dara, mita 25 da 25, zai ba da gida 32. A ƙara ramuka kamar 10 a wuraren da ake zargi: kusurwar batura, ɗakin janareta, gindin taransifoma, gefen tankin, ramin kanikawa, da bakin magudanar da ke fita daga kamfanin. Kowane rami a ɗiba a sama-sama, santimita 15 na farko, sannan a rabin mita, sannan a mita 1. A gefen tanki sai an wuce gindinsa, mita 3 ko fiye. Samfurin da za a gwada wa mai a kwalbar gilashi ake sa shi a cika ta taf, a ajiye a sanyi. Na ƙarafa leda mai kauri ta isa. A wanke shebur tsakanin rami da rami, a rubuta lamba a jikin kowane samfur da kuma a taswira. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa ƙasar ramuka goma a bokiti ɗaya don rage kuɗin gwaji: ƙasa mai kyau ta tsarma marar kyau, sakamako ya fito fes, gubar tana nan a gurbinta.

Abin da za a nema: ƙarafa masu guba irin su dalma, kadmiyam da kuromiyam, sai yawan mai a cikin ƙasa, da tsaminta. Takalman roba da nau'in robar da ake kira PVC ake yinsu, kuma an daɗe ana sa sinadaran dalma da kadmiyam a cikinsa don ya jure zafin inji, don haka ƙasan rumfunan ma abin dubawa ne. Man tsohuwar taransifoma a gwada shi a ga ko akwai sinadarin PCB mai guba kafin a bar kowa ya tsiyaye shi. Akwai na'urar hannu ta XRF mai karanta ƙarafa nan take. In an same ta a bi duk ramukan da ita, a aika ɗaya cikin biyar ɗakin gwaji don tabbatarwa. Jami'ar Bayero da cibiyoyin bincike na Zariya suna da masu wannan aiki. Don abin aunawa, hukumar muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 na dalma a kilon ƙasa a matsayin iyakar wurin zama, a 2024 ta rage zuwa 200. Ƙasar da aka fasa batura a kanta takan kai dubbai.

Ruwa kuma: a ja ruwan tsohuwar burtsatsen na wasu awoyi kafin a ɗiba, a kuma roƙi makwabtan gabas a ɗebi na rijiyoyinsu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha shi ne miligiram 0.01 na dalma da 0.05 na kuromiyam a lita. Kuromiyam ɗin ba don robar na sa shi ba, don yankin ne: ruwan masana'antun Bompai, har da na majemu, ya daɗe yana bin rafin Getsi zuwa Jakara. A gwada sau biyu, da rani da kuma a watan Satumba lokacin da ruwan ƙasa ya taso, don sakamakon yakan bambanta.

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ta wajabta wa cikakken nazari. Naku bai kai ba, amma wannan bai sa ƙasar ta zama mai lafiya ba.

Ɗan Nasarawa

Na gode Barista, na gode Hajiya, Allah Ya ƙara sani. To Hajiya, in gwaji ya nuna kusurwar nan ta lalace, shi ke nan an fasa, ko akwai gyara? Wani ya ce a zuba jar ƙasa a kai a daɓe da siminti ya wadatar.

Hajiya Mai Gwajin Ƙasa

Akwai gyara, amma ba wannan ba. Daɓen yana nan har ranar da mai gida zai haƙa sokawe ko ya dasa bishiya, ya fito da abin da aka binne ya baza a tsakar gida. Gyaran dalma kwashewa ne. A ɗauka kusurwar murabba'in mita 1,000 ce, gubar ta kai zurfin rabin mita: kubik mita 500 ke nan, in an haƙe ta kumbura ta haura 600. Da tifa mai cin kubik 10, sawu 60 da ɗoriya na fita, kusan haka na shigo da ƙasa mai kyau. A yi wannan lissafin kafin a yanke farashin fili. Ana haƙa ana yayyafa ruwa, ba a yi da iskar hunturu tana kaɗawa, a lulluɓe tifa da tamfol, a sake gwada gindin ramin da gefunansa kafin a mayar. Inda za a kai ta sai da sanin Ma'aikatar Muhalli da NESREA, hukumar tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli. Kada a sayar da ita a matsayin ciko, kada a ba masu bulo, kada a juye ta a kududdufi, don an kai wa wasu yaran ke nan.

Inda gurɓatar ba ta yi tsanani ba, ana iya gauraya ƙasar da siminti a binne ta ƙarƙashin titin kwalta, ko a shimfiɗa ragar shaida mai launi, wadda za ta nuna wa mai haƙa ya iso gurɓatacciyar ƙasa, a rufe da ƙasa mai kyau ta santimita 60. Ƙasar da dizal ya jiƙa ita tana warkewa: a baza ta kaurin santimita 30 a kan leda mai kauri, a gauraya da taki, a riƙa jiƙawa ana juyawa duk mako biyu. Zafin Kano na taimakawa, cikin watanni ƙwayoyin cikin ƙasa za su cinye yawancin man. Baƙin mai ya fi jinkiri.

Injiniyan Gini

Malam, lissafin dillalai raba 20,000 da 450, girman fuloti mai mita 15 da 30, ne kawai, wato ba titi, ba lambatu, ba masallaci. In aka fitar da babbar hanya mai faɗin mita 12 da ƙananan layuka masu mita 9 tare da magudanansu, kusan murabba'in mita 5,500 sun tafi. Masallaci, ɗan filin yara, gurbin tankin ruwa, taransifoma da wurin tara shara za su ci kamar 2,000. Saura 12,500, wato fuloti 27 mai ƙafa 50 da 100. In aka rage girman zuwa mita 12 da 25, kuma KNUPDA ta yarda, ana samun 41. In akwai babbar wayar wuta ta ratsa, a ƙara ragewa: ta 132kV tana da hurumin mita 30, ta 33kV da ta 11kV mita 11, kuma ba a gini a ciki. Yankin Dakata akwai tashar wuta, don haka a ɗaga kai a duba.

Rushewa tana da tsari. Rufin asbestos ake fara saukewa, da hannu: a jiƙa shi, a kwance ƙusoshin, a sauke falle-falle ba a fasa ba, a naɗe da leda ninki biyu. Leburori su sa takunkumi mai matata, ba ƙyalle ba. In aka bari katafila ta ture rumfar, ƙurar ta shiga gidajen gabas, ɓaraguzan kuma duk sun gurɓata, ba su da sauran amfani. Tankin dizal a tsotse shi, a wanke, a cika da ruwa kafin a tono shi. Kada a bar 'yan gwangwan su sa masa wutar walda; tankin da babu mai sai tururi shi ke fashewa.

Daɓen kamfani yakan kai santimita 15 zuwa 20, amma gindin injuna da na janareta kankare ne da kan wuce zurfin mita. A fasa su a fitar gaba ɗaya. In aka bar su, rabin gida ya hau tsohon kankare rabi ya hau ciko, ɓangare ɗaya zai zauna ya bar ɗaya, tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama. Kankaren da ba mai a jikinsa a niƙa shi ya zama shimfiɗar ƙarƙashin titi, ya rage kuɗin tsakuwa. Duk ramin da aka mayar, kaurin santimita 15 zuwa 20 ake zubawa, a jiƙa, a bi da rola, sannan a ƙara. Ba a juye tifa a baje a ce an gama.

Abu na biyu da za a nema a ƙasa shi ne tsohon kududdufi. Kano cike take da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini aka cike su da shara. A tambayi dattawan unguwa, a duba tsofaffin hotunan Google Earth, sannan a haƙa ramukan gwaji na mita 3, aƙalla ɗaya a kowane layin gidaje. In aka ga leda, toka da baƙar ƙasa mai wari maimakon jar ƙasa da marmara, wurin ya zama fili ko wurin ajiye motoci. In dole sai an gina, sai da harsashin faranti guda da injiniya ya zana.

Ruwan sama shi ke haɗa sabuwar unguwa faɗa da tsohuwa. A ɗauka an yi ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa, irin na Agusta, kuma kashi 70 cikin 100 bai nutse ba saboda rufi da daɓe: hekta 2 za ta fitar da kusan lita 390 a daƙiƙa. Lambatu mai santimita 60 da 60 da ƙyar zai ɗauka yana fes, balle yashi da leda sun cika rabinsa, don haka babbar magudanar ta kai 90 da 75, da murfin da ake ɗagawa a yashe. Mai safiyo ya auna tudu da gangare duk mita 10, har mita 300 bayan katanga, a san inda ruwan zai faɗa. In aka ɗaga filin da ciko ba a yi mafita ba, ɗakunan mutanen gabas zai shiga.

Ruwan sha: gida 27, a ɗauka mutum 10 kowanne, lita 80 a rana, lita 21,600 ke nan. Ƙarƙashin Kano dutse ne, burtsatse da yawa ba sa wuce rabin lita a daƙiƙa, wato lita 14,400 a awa 8. Sai burtsatse biyu, da tanki a sama. Tazarar da ake so tsakanin rijiya da sokawe mita 30 ce, abin da ba zai yiwu a fuloti mai tsawon mita 30 ba, musamman in kowane makwabci ya haƙa nasa. Don haka a yi na haɗaka a gefen tudu, nesa da kusurwar batura. In ruwan tsohuwar burtsatsen bai yi ba, a toshe ta da siminti daga ƙasa zuwa sama, don kada ta zama hanyar da datti zai bi ya sauka. Wuta kuwa, kVA 5 (ma'aunin ƙarfin wuta) a gida ya ba da 135, a sa taransifoma mai 300 saboda na'urorin sanyaya ɗaki da shaguna. A je KEDCO, kamfanin rarraba wuta, a ga bashin da ke kan tsohuwar lambar kamfanin, a rufe ta kafin a nemi sabuwa.

Mai Tsara Birane

Injiniya, lissafinka ya yi, sai dai ni ina ganin ba a ba makwabcin yamma haƙƙinsa a zancen nan ba. Kamfanin da ke aiki ya riga ku zuwa, kuma a kan ƙa'idarsa yake. Janaretansa na kwana yana ruri, tireloli na shiga da asuba. In aka jingina ɗakin kwana da katangarsa, shekara ba za ta zagayo ba sai koke ya fara, ƙarshenta ko masu gida su sayar da asara ko a matsa wa kamfanin ya tashi da ma'aikatansa. Yankunan masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa an keɓe su ne tun gari bai iso su ba.  Kowane filin sana'a da ya koma gidaje, samarin unguwar ne ke ƙara nisa da wurin neman abinci, kuma ba ya dawowa. Wannan ma na cikin abin da zai iya sa a ƙi amincewa da canjin manufa.

Shawarata kada a nemi zama zalla. A bar zirin yamma, zurfin mita 15 zuwa 20, ya zama rumbunan ajiya da shagunan sana'a marar hayaƙi: ɗinki, gyaran waya, kafintoci. Bayansu ya kalli kamfanin, ba taga. Sai layin darbejiya, sai titi, sannan gidaje. Gini mai kauri ya fi bishiya tare ƙara nesa ba kusa ba. Za a rasa fuloti huɗu ko biyar, amma hayar shagunan ita za ta riƙe burtsatse da kwasar shara. Motocin kaya su sami ƙofarsu daban da ta iyali. Kafin a zana komai, a je filin da ƙarfe biyun dare a saurara, a kuma koma da hunturu lokacin da iska ke zuwa daga arewa maso gabas, da damina lokacin da take juyawa daga kudu maso yamma, a ji inda hayaƙi da wari ke bi.

Ta gabas kuma kada a toshe. Unguwar awon igiya lungunanta ƙanana ne. In kuka buɗe musu hanya ɗaya ta ratsa zuwa babban titi, motar kashe gobara da ta asibiti sun sami shiga, ku kuma kun sami ƙofa ta biyu da makwabta masu kare muku aikin. In za a yi bene, tagogin sama da ke kallon tsakar gidan wani su zama ƙanana, sama da tsayin mutum. Rigimar leƙen gida ta tsayar da gine-gine da yawa a garin nan.

Ɗan Nasarawa

Madalla, Allah Ya biya ku. Tambaya ta ƙarshe: kuɗin duk wannan da yawa. Za a iya fara sayar da wasu fulotan don a yi aikin da kuɗinsu?

Lauyan Filaye

Za a iya, Malam, amma bayan abu uku sun kammala: canjin manufa ya fito a rubuce, an amince da zanen unguwa, an kafa turakun safiyo. Kafin nan abin da za ka sayar ba shi da lamba a ko'ina, kuma in zanen ya canja sai ka tarar ka sayar wa mutum titi. A fara da ɓangaren da gwajin Hajiya ya wanke, bayan an sauke asbestos an fitar da tankin, don kada a yi wannan aikin mutane na zaune. Kuɗin rukunin farko a sa shi a asusu daban da aka rubuta cewa na magudana, titi da kwashe ƙasa ne, a kuma gama babbar magudanar kafin ruwan farko.

A cikin takardar kowane mai saye a rubuta sharuɗɗan nan: ba haƙa rijiya ko burtsatse a cikin gida, ba gini a kan lambatu, ba mayar da gida wurin sana'a mai hayaƙi, kuma in akwai ragar shaida a ƙarƙashin fulotinsa ba zai haƙa ya wuce ta ba sai da izini. A haɗa masa da kwafin sakamakon gwajin fulotinsa da taswirar inda aka kwashe ƙasa. Ɓoye wannan aibi ne a ciniki, a shari'ar Musulunci da ta ƙasa duka, kuma yana iya warware shi. Sannan a yi wa ƙungiyar mazauna rajista tun fuloti goma na farko, a miƙa mata burtsatse, tanki da hayar shagunan a rubuce, tare da kwafin duk zane-zanen bututu da wayoyin da ke binne.